Masu doguwar tafiya a babur, a duba jakar da ake goyawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin masu doguwar tafiya a kan babur game da wani abu da ake rainawa, wato jakar da suke goyawa a baya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa sun koma ga babur ko da tafiyar ta gari zuwa gari ce. Duk wanda ya tsaya bakin titin Kano zuwa Zariya da sassafe, ko hanyar Katsina zuwa Jibiya ranar kasuwa, zai ga ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ƙananan 'yan kasuwa suna wucewa a kan Boxer da Jincheng da roba-roba, kusan kowa da jaka a baya. Galibin jakunkunan nan na 'yan makaranta ne, ko kuma manyan nan na masu hawan duwatsu da ake samu a gwanjo, an cusa musu kaya har zif yana neman tsagewa. Daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. A ƙaramin babur, awa huɗu ke nan ko fiye mutum yana zaune wuri ɗaya, hannuwa a miƙe. Jakar da ba ta taɓa damunka ba tsakanin gida da kasuwa, a irin wannan tafiya kafin ka kai Kwanar Dangora ta fara cin kafaɗa.

Dalilin yana cikin yadda ake zama. Mai tafiya a ƙasa hannuwansa a sake suke, jikinsa yana motsi, nauyin jaka yana sauya wurin da yake dannewa. Mai babur kuwa ya miƙa hannu gaba ya riƙe kan mashin, don haka maratayan jakar suna zamewa waje su zauna daidai ramin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da gaban hammata. Ta nan jijiyoyin da suka fito daga wuya suke bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya su gangara zuwa yatsu. In aka danne su awa ɗaya, ga kuma jijjigar inji, yatsu sukan fara sagewa. Waɗannan yatsun su ne masu kama birki da kuloci. Mutum zai ga akuya ta faɗo titi, ya so matse birki, hannu ya makara. Shi ya sa nake ɗaukar wannan magana da muhimmanci, domin ta wuce ciwon baya kawai.

Saboda haka kafin a je kasuwa, a fara yanke shawarar abin da zai hau baya da abin da zai hau babur. A ganina, duk tafiyar da ta wuce awa ɗaya, kada abin da ke bayan mutum ya wuce kilo 5, har da nauyin ita jakar. Kilo 5 ba shi da yawa: kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta sun kai kilo 2 ko fiye, ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne cif, jakar kanta takan yi kusan kilo ɗaya, sauran sai riga da takardu. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan, wurinsa kujerar baya ne ko kariyar babur, a ɗaure.

Wannan ne ke nuna girman jakar da ta dace: tsakanin lita 15 da 25. Babbar jaka tana kiran kaya, in akwai fili sai an cika shi. Ba kowace jaka ake rubuta girmanta ba, amma ana iya lissafawa da tef ɗin tela. A auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, a ninka su, a raba da 1,000. Jaka mai tsawon 45, faɗin 28, kaurin 16 ta ba da lita 20 da ɗan kai, ta yi daidai. Mai 50 da 35 da 25 ta haura lita 43, wannan ta tafiyar mota ce. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in wani ya tsaya a gabanka yana hango gefen jakar ta bayan kafaɗunka, ta yi faɗi. Duk abin da ya leƙo gefe iska za ta kama shi, kuma ƙarfin iska yana ninkuwa huɗu ne in gudu ya ninku biyu. Abin da ke ɗan janka a kilomita 40 cikin awa, a 80 ya zama kamar wani na fizgar rigarka, balle in tirela ta gifta ta watso iskarta.

Tsawon jaka ya fi faɗinta muhimmanci, kuma nan ne aka fi kuskure. Ka sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuyanka, za ka ji wani ƙashi da ya ɗan taso. Daga shi zuwa daidai saman ƙasusuwan ƙugu, shi ne tsawon bayanka, kuma ga yawancin manya yana tsakanin santimita 40 da 50 da 'yan kai. Jakar ta zauna cikin wannan tazara. In ta zarce ta sama, za ta riƙa tokarin ƙeyar hular kwano, ta turo ta gaba ta rufe ido, kuma ba ka iya ɗaga kai ko waiwaye sosai kafin ka sha kwana. In ta zarce ta ƙasa, gindinta zai zauna a kan kujera. Wasu da gangan suke sassauta maratayi don jakar ta zauna a kujera ta rage musu nauyi, kuma a kan titi mai santsi dabarar tana aiki. Matsalar sai an faɗa rami. Kujera ta cilla jakar sama, maratayi su ɗaga daga kafaɗa, sannan nauyin ya faɗo gaba ɗaya ya karkata gefe, daidai lokacin da kake fama da kan babur. In jaka ta yi nauyin da sai ta zauna a kujera, to a sauke ta a ɗaure ta a kujerar kawai. Wadda za a goya, a bar tazarar yatsu uku tsakanin gindinta da kujera in mutum ya zauna.

Sai maratayi, inda jin daɗin jaka yake ko wahalarta. Faɗinsu ya kai yatsu uku zuwa huɗu, wato santimita 6 zuwa 7. Siriri yana yanka kamar igiya, wanda ya cika faɗi kuma yana gurzar wuya. A nemi masu ɗan lanƙwasa, waɗanda suka kauce wa wuya sannan suka kauce wa hammata. A matse soson da ke ciki tsakanin babban yatsa da manuni. In yatsun sun haɗu da sauƙi, soson katifa ne, zai kwanta cikin 'yan makonni ya bar ka da tsurar madauri. Mai kyau yana da tauri kamar na silifas, ba kauri sosai, amma in ka sake shi nan take yake dawowa.

Abin da ba zan sayi jakar babur ba sai da shi, shi ne madaurin ƙirji, ɗan siririn nan da ke haɗa maratayan biyu ta gaba. Shi ne ke jawo su ciki ya raba su da hammata, ya watsa nauyin a kan ƙirji da haƙarƙari, hannuwa su samu sakewa. Wurinsa kamar yatsu uku ƙasa da ƙashin wuya. In ya hau sama zai shaƙe, in ya sauka ƙasa zai hana numfashi. Gara wanda ake iya matsar da shi sama da ƙasa, musamman ga mata masu tuƙa roba-roba, waɗanda ke da yawa a Maraɗi da Damagaram. Kamfanonin da ke ƙera jakar babur zalla, irin su Kriega na Ingila, a kan wannan dabarar suka gina jakarsu gaba ɗaya: maratayan suna haɗuwa ne a tsakiyar ƙirji kamar falmaran. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu, amma dabarar ba ta gagari baduku ba. A kai masa madaurin nailan mai faɗin santimita 2, guda biyu, kowanne kamar santimita 25, da maɓallin roba mai shiga da fita, ya ɗinka su da zaren nailan. A sa jakar a jiki a yi alama da alli kafin ya ɗinka, kada ya yi da ka.

Madaurin ƙugu ma yana da amfani, amma a nan jakar masu hawan duwatsu tana yaudarar mutane. Nata mai kauri ne, cike da soso, an yi shi don mai tafiya a tsaye. In ka zauna sai ya naɗe ya soki ciki da cinya, bayan ka ci abinci a hanya kuwa abin ba daɗi. Mai babur siririn madauri yake buƙata, santimita 2 da rabi zuwa 4, aikinsa kawai ya hana jakar lilo da tsalle. Haka kuma irin waɗannan manyan jakunkuna sukan zo da sandunan ƙarfe biyu a cikin bayansu. A lalube su. Ba na son ƙarfe a jikin ƙashin baya a kan babur, ko da kuwa yana sa jakar ta tsaya da kyau.

Bayan an daidaita komai, za a ga jelar madaurai tana reto. A naɗe kowace a ɗaure da zoben roba da aka yanko daga tsohon tif. Gajeriyar jela tana bulalar wuya da haƙarƙari tun daga Kano har Zariya, doguwa kuma tana iya kaiwa ga sarƙa ko wilin baya. Duk mun san abin da gefen babbar riga ko hijabi ke jawowa in taya ta kama shi. Madaurin nailan ya fi yadi ƙarfi, ba ya tsinkewa.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, jaka kuma tana toshe bayan da gumi zai bushe. A nemi wadda bayanta ke da soso layi biyu da kwari a tsakiya, an lulluɓe da yadi mai raga, don iska ta ratsa. Mai shafaffen baya na leda tana jiƙa riga sharkaf ta kawo ƙurajen zufa. Baƙar jaka tana zuƙar rana, abin da bai dace da waya ko batirin caji da ke ciki ba, sannan da magariba ba a ganinta. Mai haske ta fi, ja ko ruwan ɗorawa, da layin nan mai ƙyalli in fitilar mota ta haska. In babu, ana sayar da shi a wurin masu kayan babur, a ɗinka a ƙasan jakar da gefunanta. A tuna cewa jaka tana rufe rigar ƙyalli in an goya ta a kan rigar. Jaka mai launin kakin soja kuma, duk ƙarkonta, a bar ta a kasuwa, domin tana jawo tsayawa da tambayoyi a shingen bincike.

A wajen 'yan gwanjo, kamar na Ƙofar Wambai a Kano, ana samun jakar da ta fi sabuwar kanti ƙarko, amma sai an bincika. A juya cikinta waje. In shafin roban da ke jikin yadin yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana danƙo da ɗan wari, ya mutu, ruwa zai wuce. A ɗaga ta a rana a duba ƙasanta da kusurwoyi, nan ne yadi ke fara cinyewa. In akwai lamba a jikin takardarta, 600D shi ne mafi ƙarancin kaurin zaren da zan yarda da shi, 1000D ya fi, musamman a gindi. A riƙe maratayi a ja da ƙarfi daidai inda aka ɗinke shi da jaka: ana son a ga ɗinki mai kauri an maimaita shi, ko mai siffar akwati da gicciye a ciki. In zare ya buɗe baki ko kaɗan, a hanya zai ƙarasa. Zif ya zama mai manyan haƙora. A bayan kan zif akan buga lamba, 8 ko 10 su ne na babbar aljihu, 5 na ƙananan aljifai ne. Tambarin kamfanin zif na YKK alama ce mai kyau, ko da yake akwai jabu, don haka a ja shi sau goma a ji ko yana sarƙewa a kwana.

Ƙurar hunturu ita ce ajalin zif. Tana shiga tsakanin haƙora tana cin kan zif ɗin a hankali, har wata rana ka rufe ya buɗe ta baya. A riƙa goge shi da tsohon buroshin haƙori, a goga masa kyandir. Kada a sa baƙin mai, ƙura yake tarawa. In ya fara buɗewa, a ɗan matse kan da filaya kaɗan-kaɗan, gefe da gefe. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in zif mai kai biyu ne, kada a haɗa kawunan a saman jaka. Iska da jijjiga da nauyin kaya suna raba su a hankali, jakar ta wangale, takardu su bi iska kai ba ka sani ba. A ja su duka biyun zuwa ƙasa ta gefe ɗaya.

Da damina, musamman a watan Agusta, kada a yarda da rubutun da ke jikin jaka cewa ba ta shan ruwa. Yayyafi a tsaye daban yake da ruwan da ke dukanka a guje, wanda ke kutsawa ta ramukan allura da haƙoran zif. Jakar da ke hana ruwa da gaske ita ce ta yadin tamfol wadda aka manne gaɓoɓinta da zafi, bakinta kuma naɗe shi ake yi, sau uku aƙalla, sannan a ɗaure. Aibinta zafi a baya da rashin aljifai. 'Yar rigar ruwa da ake lulluɓa wa jaka takan cika da iska ta tashi, kuma ba ta tare ruwan da ke gangarowa ta tsakanin wuya da baya. Abin da ya fi sauƙi shi ne leda mai kauri a cikin jakar, a zuba kaya a murɗe bakinta a lanƙwasa ƙasa. Waya da takardu su samu tasu ledar daban.

Shirya kaya ma yana cikin zaɓen jaka, domin jaka mai kyau da mugun shiri wahala ce. Abin da ya fi nauyi ya zauna kusa da baya, a tsakiya, kada ya karkata gefe. A tsuke madauran gefe har kayan su daina motsi. Tambayar da mutum zai yi wa kansa game da kowane abu ita ce: in na faɗi a kan wannan, me zai yi wa bayana? Sifana, filaya, sukudireba, famfo, kwaɗo da sarƙar kulle babur, fulas ɗin shayi, kwalbar gilashi, wuƙa, duk ba su da wuri a jakar goyo. Ƙarfe mai tsini tsakanin kwalta da ƙashin baya yana iya taɓa laka, wanda kuwa lakarsa ta taɓu sai dai addu'a. Jarkar fetur ko a roba ce kada ta kusanci baya. Kwamfuta ce kaɗai mai tauri da na yarda a goya, saboda jikin mutum yana shanye jijjigar da za ta lalata ta a kan kariya. A sa ta a aljihunta wanda bai taɓa gindin jaka ba, a kwance a jikin baya, a shimfiɗa naɗaɗɗiyar riga ko dardumar salla tsakaninta da kai. Kada kuma a ɗauka cewa jaka mai soso tana kare baya. Farantin kare baya na masu babur abu ne daban, yana da ma'auninsa na Turai, EN 1621-2, mataki na 1 da na 2, na 2 ya fi shanye bugu. Wasu jakunkunan babur suna da aljihun da ake zura shi.

Lasisi da takardun babur da katin shaida su zauna a aljihun gaban riga ko ƙaramin aljihun jikin maratayi, don kada a kowane shinge sai an kwance jaka. Waya da kuɗi kada su kwana a aljihun waje na baya, inda hannun wani zai kai a cunkoson kasuwa kai ba ka ji ba.

Kayan da aka sauke daga baya, a ɗora su a kujera dab da mai tuƙi. In aka tura nauyi can ƙarshen kariya, bayan tsakiyar tayar baya, gaban babur yana yin sakayau ya riƙa rawa a guje. A ɗaure da roba biyu a gicciye, a ƙara igiya ɗaya wadda ba ta miƙewa, a tabbata babu abin da ya taɓa salansa ko ya rufe danja da lamba. Bayan kilomita 10 zuwa 15 na farko a tsaya a sake tsukewa, domin kaya sukan zauna su saki. In da fasinja, mai tuƙi kada ya goya jaka, tana tura na baya zuwa ƙarshen kujera. Shi ma fasinjan in ya goya mai nauyi, duk lokacin da aka ja totur sai ta fizge shi baya, ba kuma abin jingina. Masu rataya babbar jaka ta gaba su sani tana tokare tanki ta hana kan babur juyawa har ƙarshe.

Ranar saye a je da babur ɗin, da hular kwano, da rigar da za a yi tafiya da ita. A sayi ledar fiya-wata 8 zuwa 10, kowace rabin lita ce, kilo 4 zuwa 5 ke nan, a zuba a jakar. Jaka fanko kowace daɗi gare ta. A fara ɗaure ƙugu, sannan a ja maratayi har jakar ta manne da baya, madaurin ƙirji ya zo ƙarshe. A hau babur a kama kai, a juya shi dama da hagu har ƙarshe, a waiwaya ta kowace kafaɗa, a ɗaga kai sama, a ja dogon numfashi, a ɗan yi tsalle a kujera kamar an faɗa rami. A zauna haka minti 10 ko 15, ko da mai kaya ya ƙosa. In tafin hannu yana shiga tsakanin maratayi da kafaɗa da ɗan ƙyar, ɗaurin ya yi. Kafin babbar tafiya a gwada ta a ta kilomita 30 zuwa 40, a dawo a duba kafaɗa: jan layin da bai baje ba bayan 'yan mintoci yana nuna inda take danna. A hanya kuma, duk awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsaya a sauke ta, a juya kafaɗu, a sha ruwa. In ƙaramin yatsa ko babba ya fara sagewa kafin lokacin, kada a jira garin gaba, a tsaya nan take a sassauta maratayi, a mayar da rabin kayan kan kujera.

Malam Edita, ina roƙon jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da shugabannin ƙungiyoyin masu babur, in sun fita wayar da kai kan hular kwano gabanin tafiye-tafiyen Salla, su haɗa da maganar abin da ake goyawa a baya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya, Jihar Kaduna.